Zanen Zumuntar Mama

Zonkwa,
ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanwata Irene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da Alhaji Bashir da yara kuna lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Na ba Mamman direbanku wannan takarda ne domin duk sanda na ji muryarki a waya sai mu yi ta kuka muna ƙona kati.

Mun zauna da Fada da dattawa. An tsayar da Asabar ta sama don addu'ar Mas a coci da binnewa, kusa da Baba. Gawar Mama tana ɗakin ajiya na asibiti tun da muka taho da ita daga Kano.

Abu ɗaya ya rage. Matan Zumuntar coci ne za su shirya ta, kuma kin san ba sa sa 'yar'uwarsu a akwati sai da zanen ƙungiya. Shugabarsu, Mama Laraba, ta ce za su ba da sabo, na ce a'a. Mama ta sha faɗa mini cewa da tsohon nan nata za ta tafi, shuɗin da ta shiga Zumunta da shi tana amarya. Yana cikin akwatin ƙarfenta a ɗakinta na gidanku. Ki ba Mamman ya kawo.

Ki gaida Alhaji, na gode da ɗawainiya.

Ni ne yayanki,
Sebastian.


Nasarawa GRA, Kano,
ranar Laraba.

Yaya Sebastian,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Haƙuri sai ma'abocinsa. Yaya, na karanta takardarka a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Zanen ba ya gidan nan.

Bayan tafiyarku gidan ya cika da 'yan gaisuwa. Ranar uku dangin Alhaji suka ce a yi wa Mama sadaka, tunda a gidan ta cika, kuma duk sun ci tuwonta. Ka san a nan ana binne mutum tun ranar, da likkafani kawai, tufafinsa kuma a rabar wa mabuƙata. Wallahi ya fita daga kaina cewa Mama ba ta shiga ƙasa ba tukuna, tana can tana jiran kayanta. Ban iya ko kallon akwatin kayanta ba, ƙamshin man zafinta kawai ya ishe ni kuka. Na miƙa wa 'yata Yusra makulli na ce ta raba. Ta raba kaf, har ɗankwali.

Ɗakin ne ya fi damuna yanzu. Da asuba nakan farka in kasa kunne, ina jiran in ji ta tana ƙwanƙwasa ƙofar yara da carbinta a hannu: “Ku tashi, ladan ya kira! Ni na gama gaida Maryamu, ku kuna minshari?” Jikokinta Musulmi ne, amma babu wanda ya isa ya makara salla tana gidan. In azuminmu ya haɗu da naku na kwana arba'in, ita ke tashi ta ɗumama mana sahur, tana mita wai mu da yamma mukan rama, ita ko nama ba ta gani. Ranar Lahadi kuwa sai ta sa Mamman ya wanke mota sau biyu, wai ba za a kai ta gaban Ubangiji da ƙura ba.

Zan sayi sabon zane a wurin matan cocinta na nan, mafi kyau. Ka yi mini haƙuri, Yaya.

Ƙanwarka,
Rukayya.


Zonkwa,
ranar Juma'a.

Irene,

Na gaishe ki. Na samu saƙonki.

Da sabon zane nake so da ban rubuto ba. Da wannan zanen ta goya ni zuwa baftisma, da shi ta goya ki. Da shi ta tsaya a bakin kabarin Baba tana ba da waƙa, matan suna amsawa, ba ta fashe da kuka ba sai da muka koma gida. Ranar ɗaurin aurenki, da dangi suka rantse ba mai taka ƙafa Kano, shi ta ɗaura ta shiga mota ita kaɗai. Na ce mata, “Mama, da kayan coci za ki gidan Musulmi?” Ta ce, “Da kayan da na fi daraja zan je bikin 'yata.”

Shi kika ba yarinya ta rabar kamar kwancen gwanjo. Ban taɓa yi miki magana a kan addininki ba, Mama ta hana ni. Amma yau zan faɗa: ashe kin yi nisa da mu har kin manta yadda muke binne matattunmu. Kullum nakan ce ta dawo gida wurina, takan ce jikokinta na Kano sun fi buƙatarta. Ga shi za ta dawo mini ba ko zaninta.

Ban san abin da zan gaya wa Mama Laraba ba. Ban kuma san inda zan zaunar da ke ranar Asabar ba.

Sebastian.


Nasarawa GRA, Kano,
ranar Talata.

Yaya,

Ina gaisuwa. Maganarka ta yi mini zafi, kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Sai dai ka sani, ni na yi jinyarta, ni na aika aka ɗauko Fada ya shafa mata tsarkakken mai, ni na riƙe mata carbi da yatsunta suka daina kamawa. Ban iya addu'ar da baki ba yanzu, amma hannuna bai manta inda ake tsayawa ba. Kada ka ce na yi nisa da ita.

Ni da Yusra mun bi kayan gida gida. Yarinyar nan ta rame, ko abinci ba ta ci, tana cewa ita ta kashe wa Kaka jana'iza. Mun je Kawaji, mun je Tudun Murtala, ina roƙon mutane su nuna mini abin da na ba su sadaka, kunya kamar in nutse. A Gama muka same shi, a wurin Kande, matar Musa mai ba furanninmu ruwa. Ka tuna ta? Ita ce wadda ta yi ta ɓari, Mama ta riƙa kunna mata kyandir a coci, tana kuma aika mata da kunun gyaɗa. Ta haihu watan jiya, mace.

Yaya, ta raba zanen biyu. Ta ce ta ga ya yi laushi don tsufa, ba zai ci fatar jaririya ba, sai ta yanka don in ta wanke ɗaya ta yi goyo da ɗaya. Muna shiga na hango shuɗin a bayanta, kan yarinyar ya leƙo, rabin kuma yana kan igiya.

Da na gaya mata sai ta ɗora hannu a ka. “Innalillahi! Hajiya, ba a binne Mama ba har yanzu? Wayyo ni, na yanka wa baiwar Allah likkafani!” Ta hau kwance goyon tana kuka, yarinyar ta farka ta tsala ihu. Na riƙe hannunta na ce ta bari. Na ɗauki na kan igiyar kawai na fito. Na kasa, Yaya. Na kasa cire wa jaririya zanen Mama daga jiki.

Rabin yana wurina, na wanke na goge. Ba zai zagaye ta ba. In ka ce in koma in karɓo ɗayan in ɗinke, zan koma. In kuma ka ce in ba Mamman ya kawo ni in zauna, zan zauna, amma ka faɗa mini da bakinka.

Kande ta ce in gaya maka, duk da sunan yankan jaririyar Afrah ne, ita da Musa “Mama” suke kiranta.

Ƙanwarka,
Rukayya, Irene ɗin Mama.


Zonkwa,
ranar Alhamis.

Ƙanwata,

Na gaishe ki, na gaida Yusra. Ki ce mata ta ci abinci.

Na karanta wa Mama Laraba takardarki. Ta daɗe tana share ido da bakin ɗankwali, sannan ta ce ba su taɓa binne 'yar Zumunta da rabin zane ba, amma ba su taɓa binne mace kamar Mamanmu Perpetua ba ma.

Kada ki koma Gama. Ki bar wa yarinyar nata.

Rabin nan kuma kada ki ba Mamman. Ki riƙo shi da kanki gobe. Matan sun ce 'ya mace ce ke ɗaura wa uwa, kuma Mama 'ya mace ɗaya ta haifa. Ni ban iya ɗaurin zane ba, ban ma iya shiga ɗakin da take ni kaɗai ba. Na gwada jiya, na tsaya a ƙofa na dawo.

Ki zo da wuri.

Yayanki,
Sebastian.