Baƙin Fenti a Kan Tsatsa

Litinin, 5 ga Mayu

Ka yi haƙuri littafi, don rubuta addu'o'i na saye ka, ga shi zan cika ka da zancen mota. Ba ni da wanda zan gaya wa ne.

Babban ɗana ya ce zai sayar da a-kori-kurar mahaifinsa. Tun rasuwar Malam, shekara biyu ke nan, tana tsaye a tsakar gida, sai dai a tayar da ita lokaci-lokaci don kar batir ya mutu. Ya samu shago, an ba shi zuwa ƙarshen wata ya kama ko a ba wani. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 7 ga Mayu

Ya zo da abokinsa Mai Fenti. Wai ba fentin da aka saba za a yi ba. Irin baƙin nan mai kauri da ake fesa wa bayan mota, inda ake zuba kaya, shi za a bi jikinta da shi gaba ɗaya, har ƙofofi. Wai shi ake yayi, kuma zai ɗaga mata daraja. Da ya nuna min hoto a waya na ce ai wannan fatar kwaɗo ce. Ya yi dariya ya ce, "Mama, wannan kwaɗon ko ƙusa ba ta kurje shi."

Alhamis, 8 ga Mayu

Yini guda ana gurza da samfefa. Ƙura har cikin kwanuka. Kaina kamar ana daka.

Asabar, 10 ga Mayu

Sun kawo tsofaffin jaridu za su rufe gilasai da fitilu kafin feshi. Na zauna na bi su shafi-shafi, duk wanda na ga aya ko sunan Allah a ciki na ware gefe. Auta ta ce a haka sai mun kai baɗi ba a fesa ba. Ban kula ta ba.

Da na kai musu jaridun ne na gani. Ƙasan ƙofar direba, inda ake taka ƙafa a shiga, tsatsa ta cinye. Ramin ya kai tafin hannu, kuma ya shige har ƙarƙashin kujera. Malam ya san da shi, kullum cewa yake zai kai walda, Allah bai nufa ba. Mai Fenti ya cusa 'yar raga, ya shafe da wani farin ƙulli da suke ce wa fila. Na tambaya ba za a kai walda ba? Ɗana ya ce lokaci ya ƙure, kuma in fenti ya hau ba mai gani.

Ai abin da ya dame ni ke nan.

Lahadi, 11 ga Mayu

An fesa. Injin iska yana ta kuka tun hantsi, su biyu da takunkumi a fuska. Sau uku suka bi ta, kowane sau sai an jira ya sha iska. Wari kuwa, maƙwabciya ta aiko a ji ko kwalta muke dafawa.

Da la'asar aka ɓare jaridun. Baƙa ƙirin, ba sheƙi, da kaushi kamar harshen kyanwa. Na kai hannu wurin ramin, ba a ganewa ko kaɗan. Motar ma ni ban gane ta ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na yi wa ɗana magana a hankali. Na tuna masa abin da aka koya mana tun muna yara, mai sayarwa ba ya ɓoye aibin kayansa. Ya ce duk wanda ya sayi tsohuwar mota ya san tsohuwa ya saya. Ya ce, "Mama, ke dai ki yi mana addu'a." Na rasa wacce zan yi.

Ya rame. Shekara uku yana yawon neman aiki, na ga dugadugan takalminsa sun cinye. Sai na bar shi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai saye ya zo. Dattijo ne mai gidan burodi, yana ɗingishi, wai da kansa zai riƙa tuƙa ta rabon kaya. Ya zagaya ta sau biyu yana shafa baƙin fentin yana yabawa. Na kawo ruwa, niyyata in ajiye in koma ciki. Sai ya dube ni ya ce ya ji ta maigidana ce, shi ya sa hankalinsa ya kwanta, kayan mutanen kirki ba sa cuta.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Bawan Allah, ka duba ƙasan ƙofar nan. Akwai rami, cike shi aka yi."

Ya durƙusa da ƙyar, ya ƙwanƙwasa da makulli. Sautin wurin daban. Ya miƙe ya yi min godiya, ya ce zai yi shawara. Ɗana ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya wuce ni ya shige ɗaki.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bai taɓa abincinsa ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yana gaishe ni, amma gaisuwar baƙo. Auta tana yi min tsifa sai ta ce, "Mama, tsakani da Allah, don tsatsar ce ko don motar Baba ce?" Na ce ta tashi ta ba ni wuri, bakinta ya fi ta girma.

Amma maganar ta zauna min. Gaskiya na faɗa, ko gobe zan sake faɗa. Sai dai lokacin da dattijon nan ya juya ya tafi babu mota, wani daɗi na ji, kuma ba daɗin wanda ya sauke nauyi ba ne. Astagfirullah. A nan kaɗai zan rubuta wannan.

Alhamis, 22 ga Mayu

Da safe na buɗe akwatin gaban motar na kwashe kayan Malam. Tabarau mai ƙafa ɗaya, reza, wasu takardu da suka koɗe. Na zuba a jaka na kai ɗaki. Sannan na kira ɗana na ce ya kai ta a yanke wurin a yi walda, Mai Fenti ya sake fesawa, ya koma wa mai burodi ya nuna masa da hannunsa. Har yanzu wata bai ƙare ba.

Ya daɗe yana kallona. Ya tambaya ko na tabbata. Na ce ya tafi kafin rana ta yi zafi.

Inda take tsayawa akwai tabon mai a ƙasa, na zuba yashi na share. Ashe tsakar gidan nan da faɗi. Igiyar shanya za ta kai har can yanzu.