Suna na Goma a Kaset ɗin Jirgi

Diffa, 9 ga Fabrairu, 2019

Zuwa ga aminina Kolo,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rashida da yara. Yaya Damagaram, yaya ɗinki? Yaya Yasmin, marainiyar ƙanenka Bukar, da karatu? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ka sani: har yanzu an hana babur, duk inda za ka sai a ƙafa, rana na faɗuwa kowa ya kama gidansa. Na ba direban motar Damagaram wannan takarda don abin da ke cikina ba na waya ba ne. Ka san ni, in na ɗauki waya faɗa kawai nake yi.

Maganar abokinmu Tahiru ce. Ka tuna shagona na wasan tele a Bosso, inda muka ƙare ƙuruciyarmu? Bayan gudun da muka yi a 2016, Tahiru ya ce zai koma ya duba gidansu, ya tambaye ni ko akwai abin da zai ɗauko mini. Ni kuwa raina a ɓace, na ce masa a gaban mutane duk abin da ya samu a shagon nasa ne. Kolo, bakina ne ya cuce ni. Ya tono tsohuwar na'urar nan baƙa daga ƙarƙashin kwanon rufi, da manet biyu, abin riƙewa a buga wasan, da kaset bakwai, ya ɗauro su a ka har Yebi, daga can mota ta kawo shi. Shekara biyu da rabi yana ɓoye da ita bai faɗa mini ba, wai yana jin nauyina.

Yanzu ga shi ya kafa fada, wato majalisar hira da wasa, a gidan Alkali mai tattasai, kowace Asabar bayan azahar. Sun sa mata suna Fadar Tsofaffin Manet. Manya ne masu furfura, ciki har da malamin lekol, wato makarantar boko, da wani mai sayar da bandar kifi, suna zaune tsakanin buhunan tattasai suna atishawa suna ihu kamar yara. In kuran ya tafi, wato an ɗauke wuta, a jona da batirin rana. Mutanen Damasak da ke gudun hijira a nan su ma sun gano wurin, su suna cewa gem, mu muna cewa je, kuma kowa na gane kowa.

Na je. Na ga manet ɗin da na ɗaure da robar tayar keke da hannuna, na ga tabon kyandir a gefen na'urar. Amma wa ake kira Shugaba? Tahiru. Tahirun da ni na koya masa yadda ake hura kaset kafin a saka, yanzu shi ke hurawa a gaban jama'a, a hankali, ido a rufe, kamar mai tofa addu'a. Ni aka ba ni tabarma da kofin shayi aka ce ga Labaran mai gyaran rediyo. Ba zan ɓoye maka ba, kishi ne ya cika ni.

Abu ɗaya ne ya sanyaya mini rai. Kaset ɗin jirgi na nan da rai, kuma sunaye goman nan na gwanaye ba su goge ba. Tahiru TAH a sama, ni LAB a ƙarƙashinsa kamar kullum, kai KOL na shida. Can ƙasa, na goma, BUK. Da na gani sai da na fita waje na ɗan tsaya. Allah ya jiƙan Bukar.

Ka gaishe mini da Rashida, ka shafa kan Yasmin.

Naka har kullum,
Labaran

Diffa, 16 ga Maris, 2019

Aminina Kolo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, ciwon bayan nan na keken ɗinki kuma ya lafa. Takardarka ta iso. Na ga inda ka ce in ji kunya, mutum mai ƴaƴa huɗu yana kishi a kan kayan wasa. Na ji kunyar, amma kishin bai tafi ba.

Na yi murna ƙwarai da ka ce za ka kawo Yasmin a hutun lekol ta ga sunan babanta. Gaskiyarka ne, ba hoto, ba takarda, wayarsa ma ta tafi tare da shi ranar da aka shiga Bosso. Haruffa ukun nan su kaɗai ne abin da hannunsa ya rubuta da ya rage a duniya. Ka ba ta labarin yadda ya same su. Bukar bai iya wasan ba, Allah ya sani, jirginsa ya fi son bango a kan hanya. Shekara guda cur yana zuwa daga gonar tattasai, ƙafa duk laka, ya zauna ya faɗi ya sake. Ranar da ya shiga na goma ya zagaya kasuwa yana faɗa wa masu kifi, waɗanda ba su ma san abin da yake nufi ba. Bayan nan yara suka koma wasan ƙwallo na faifai, aka ajiye kaset ɗin, sunayen suka tsaya yadda suke.

To ga inda Tahiru ya sake ɓata mini rai. Ka san kaset ɗin suna goma kawai yake riƙewa, in sabo ya shiga, na ƙasa ya fita, kuma ba ya dawowa. Shi ne Tahiru ya kafa doka: kowa na iya buga jirgi, amma duk wanda makinsa ya wuce na Bukar, dole a kashe na'ura kafin jirginsa na ƙarshe ya faɗi, don kada ta rubuta. Shi da kansa yake zama kusa da maɓallin, yatsa a kai. Mutane sai yabo suke, wai Tahiru mai amana, Tahiru mai riƙon zumunci.

Dokar ta yi kyau, ban ce ba ta yi ba. Amma ka duba wa ta yi wa rana. Muddin tana nan, babu mai taɓa TAH har abada. Shekara goma sha biyar ina ƙarƙashin mutumin nan, a shagona, a kan na'urata, yanzu kuma ya rufe ƙofar ya jingina makullin da mamaci. Dubu ɗari biyu da goma sha huɗu da ɗari shida, makinsa ke nan, ko daga barci ka tashe ni zan faɗa maka. Matata Kellu ta ce in ta sake jin wannan lamba a bakina za ta kai ni wurin malam.

Kada ka damu, magana ce kawai nake fitarwa. Bukar ƙanena ne kamar yadda yake naka, ba zan taɓa sunansa ba.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata za a yi babban taro. Akwai masu zuwa daga Geskeru da Maine, kowa da tsohuwar na'urarsa, wani ma an ce tasa ta girmi tawa. Na ce tawa, ka gani ko? Har an buga takardar gayyata da sunan Tahiru a sama da manyan haruffa. Na duba gaba da baya ban ga nawa ba.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Labaran

Diffa, 2 ga Afrilu, 2019

Kolo, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Rashida da yara, musamman Yasmin. Ni jikina lafiya lau. Ka zauna kafin ka karanta sauran, kuma kada ka karanta a gaban yarinyar.

An yi taron. Mutum ya fi sittin a gidan Alkali, sai da aka kwashe buhuna aka jera a bango. Tele biyar, wayoyi ko'ina, masu gyara na musayar manet da kaset, wani dattijo daga Geskeru ya zo da tasa a naɗe cikin zanen matarsa. Sojoji biyu sun leƙo su ga taron mene ne, ɗayan ya ƙare da manet a hannu. Rabon da in ga mutanenmu suna dariya haka tun muna gida.

Bayan la'asar aka saka kaset ɗin jirgi. Tahiru ya miƙe ya yi jawabi, ya bayyana dokar, ya karanta sunaye goman, ya faɗi wanda ke Damagaram, wanda ke Yamai, da uku da suka riga mu gidan gaskiya. Sannan ya nuna ni, ya ce ga mai shagon, ga wanda ya koya wa kowa, shi zai fara. Ya ƙara da cewa Labaran ba ya buƙatar mai gadi, shi zai kashe da hannunsa. Ya tashi daga wurin maɓallin ya tafi zuba wa baƙi shayi.

Yau na gane girmama ni ya yi. A ranar kuwa abin da kunnena ya ji shi ne, Labaran ba zai kai ko'ina ba.

Na karɓi manet ɗin mai robar keke, ya zauna a hannuna kamar jiya na ajiye shi. Na ji ana cewa na wuce makin Bukar, da jirgi uku a hannu, na ce bari in ɗan ƙara. Na wuce naka. Na wuce nawa. Mutanen sauran tele suka bar wasanninsu suka taru a bayana, ƴan Damasak na ihu suna kiran sunana, sunana ni, Kolo. Da na haye makin Tahiru gidan ya ɗauka. Jirgi ɗaya ya rage mini, maɓallin kuma ga shi nan, tsawon hannu. Kowa ya gani, shaidu sittin, ya isa. Amma wani abu a cikina ya ce shaidu suna watsewa, suna mantawa, rubutu ne ke zama. Ba zan ce maka mantawa na yi ba. Na tuna sarai. Na ji muryar Tahiru daga nesa yana kirana, na ƙi waiwayawa, har jirgin ya faɗi.

Jerin ya fito. Layin sama babu suna, yana ƙyaftawa yana jira. TAH ya sauko na biyu, kai ka koma na bakwai. Na kai idona ƙasa, na goma yanzu Mamman ne, wanda a da yake na tara. Na san kaset ɗin nan fiye da kowa, da jirgin ya faɗi ya riga ya rubuta, ko an kashe ba abin da zai dawo. Baƙi suna ta tafi har suka lura su kaɗai ke yi, ban da mutanen Bosso.

Na juya haruffan. Na sa B, na sa U, na sa K. Yanzu BUK ne a saman kowa, da makin da Bukar bai taɓa mafarkinsa ba. Wasu sun ce na gyara, Alkali har ya dafa kafaɗata. Ban gyara komai ba. Wancan Bukar ne ya rubuta, da yatsansa mai laka, bayan shekara guda. Wannan rubutuna ne.

Tahiru bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya cire kaset ɗin, ya naɗe a tsumma, ya zauna kusa da ni har mutane suka ragu. Can na tambaye shi, nawa ne ma makin Bukar ɗin? Bai ko yi tunani ba ya ce dubu talatin da takwas da ɗari huɗu da hamsin. Kolo, shekara goma sha biyar ina ɗauke da lambar Tahiru a kaina kamar sunan ubana, amma ta Bukar sai da na tambaya. Kuma don kada in rage maka komai: har a wannan lokacin, da na ga ya fi ni ko a nan, kishinsa na sake ji.

Ranar Alhamis kuke tafe, in Allah ya yarda. Tahiru ya ce mutanen fada ba za su ce komai ba, yarinya ta ga babanta a sama ta yi murna, ya bar zaɓin a hannunka. Kai ne uba a gare ta yanzu, abin da ka yanke shi za a yi. Amma in za ka ji roƙona, kada a ce mata babanta gwani ne. A faɗa mata ya yi shekara yana faɗuwa yana dawowa har ya zama na goma, kuma ya fi mu duka murna. In ta tambaya ina na goman yake, ka nuna mata ni, ni zan amsa.

Zan jira ku a tasha. In ba ka so ka ba ni hannu ba, zan gane, ka bar ni dai in ɗauki jakar Yasmin.

Ka gaida Rashida, in ta yarda ta karɓa.

Ni ne,
Labaran