Ƙibar Afra

Asabar, 3 ga Agusta, 2024
Na je Darki. Wata biyu ke nan da aka kai Afra yaye wajen Inna, mahaifiyata. Ta ɗaga ta sama tana dariya: "Dubi kumatu! Ku a Wudil iska kuke ba ta?" Ban karɓe ta ba. 'Yar fari ce, a gaban Inna ko sunanta ba na kamawa. Na dai saci kallo. Gashinta ya yi ja. Ba kuka, ba dariya.

Talata, 6 ga Agusta
Matata Hidaya ta tambayi 'yarta. Na ce ta yi ƙiba. Kalmar Inna na ara.

Laraba, 7 ga Agusta
Abincin Afra a Darki: koko da safe, koko da rana, tuwon masara da miyar kuka da dare. Na sha tace irin wannan rahoto a jarida. Furotin ɗin masara bai cika ba: cikin amino asid ɗin da jiki ba ya iya haɗa wa kansa, laisin ya yi mata ƙaranci. Wake na cike giɓin. Ƙwai ya fi. Kajin Inna na saka kullum, amma wai yaron da ya saba da ƙwai da sata zai tashi.

Asabar, 10 ga Agusta
Na koma Darki. Inna ta shiga ɗauko mini fura, na danna ƙafar yarinyar da yatsa. Wurin ya lotsa. Har Inna ta fito bai ciko ba. Ruwa ne.
Na ce asibiti zan kai ta.
"Yahuza, kunya fa? Kai da me na raine ka?"
"Da nono, Inna. Lokacin muna da shanu."
Ban taɓa mayar mata da magana ba. Na saɓi Afra a kafaɗa na fito.

Litinin, 12 ga Agusta
Tamowa mai kumburi. An ba mu gado. Madara kaɗan-kaɗan. Likita ta ce da mun ƙara mako… ba ta ƙarasa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta
Kumburin na saɓewa. Abin da ya rage fata ce da ƙashi. Hidaya ta ce, "Tun zuwan farko ka gani?" Na ce na gani. Ta juya ta ci gaba da yi wa yarinyar fifita.

Juma'a, 23 ga Agusta
Yau Afra ta zauna da kanta. Inna ta aiko ƙanena Bilya da ƙullin gero, wai in an sallame mu a mayar mata da ita ta ƙarasa murmurewa. Na karɓi geron, na ce a gaishe ta sosai. Bayan masallaci na biya ta wajen kafinta. Farashin ƙaramin gado kawai na tambaya, amma kafin magariba har ya zo ya auna ɗakin Hidaya.