Baba, Hankakana Ya Ba Akokan Dariya

Zuwa ga mahaifina, Malam Ila, Allah ya kai haske kabarinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina sanar da kai cewa Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Na san masu bin shafina ne za su karanta wannan wasiƙa, amma labarin naka ne, shi ya sa na fuskance ka da shi.

Ranar Asabar da ta wuce na nuna fim ɗina na farko a Akokan. Desen anime ne, zane mai motsi, gajere ƙwarai, kuma tsuntsu ne jarumin. Da kana nan, na san cewa za ka yi: "To, ai dole."

Ka baro Damagaram kana saurayi, ka zo nan Akokan ka shiga ramin yuraniyom, ka yi shekaru kana tuƙa injin kwasar dutse a ƙarƙashin ƙasa. Ramin ya ciyar da mu, ya sa mu lakwal, wato makarantar boko, amma ƙarar inji ta cinye maka kunnuwa. Kai da ake jiyo muryarka tun daga bakin kasuwa, sai ka daina zuwa majalisar shayi. In baƙi sun zo, ka riƙa gyaɗa kai ga maganar da ba ka ji ba. In an yi dariya, taka sai ta biyo baya, bayan kowa ya gama. Ina ƙarama, amma abin yana ci mini rai.

Wata rana na dawo daga lakwal na kunna tele, ana nuna tsofaffin desen anime na tsuntsaye. Ka zo wucewa da buta a hannu za ka yi alwala, ka tsaya a bakin ƙofa. Wata agwagwa mai saurin fushi ta haƙa wa zakara rami, ta rufe da ciyawa, sai ta manta ta taka da kanta. Ka fashe da dariya, irin ta mutumin da ba ya jin ƙarfin muryarsa. Inna ta fito daga madafa a guje da muciya a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya same ka. Ka nuna mata telen, kana share hawaye, ka ce: "Wannan kam na ji shi."

Daga ranar, duk ɗan kasuwar da ya zo daga Kano sai ka tambaye shi kaset ɗin tsuntsaye. Tunda ba ka jin maganar da suke yi, sai ka riƙa sa musu magana da bakinka. Agwagwa ta zama mai kanti marar haƙuri. Zakara ya zama shef ɗinku na rami, mai ba da umarni bai san aikin ba. Dogon tsuntsun nan mai gudu cikin hamada kuwa, ka ce direban Agadas ne da ya ƙi tsayawa ɗaukar fasinja. Maƙwabta suka fara leƙowa. Abokinka Baba Agali, mutumin Iferuwan, ya ɗauko butar shayinsa ya kafa a zaurenmu. Majalisar da ka gudu ka bari, ita ta biyo ka har gida.

A nan na fara zane, a bayan littattafan lakwal. Kai ne malamina na farko ba tare da ka taɓa riƙe fensir ba. Kakan tsayar da kaset ka ce: "Duba, Rakiya, ba faɗuwar ce abin dariya ba. Kallon da yake yi mana kafin ya faɗi, shi ne."

Da na gama sakandare na ce zane zan karanta a Yamai, Kawu Sani, wan Inna, ya zo gida da kansa. Ya ce aikin likita ya kamata in nema, zanen tsuntsaye wasan yara ne, ba sana'ar da mace za ta tsaya a kai ba. Ya daɗe yana bayani, Inna ta sunkuyar da kai, ni kuma na riga na sallama. Kai kana kallon fuskarsa kawai. Da ya gama, ka ce: "Sani, na ga bakinka yana motsi, amma wallahi ban ji komai ba. Yarinya za ta Yamai." Kawu ya tashi ya fita ko shayi bai sha ba.

Ina Yamai aka rufe ramin. Ina can kuma Allah ya karɓi ranka, ban samu ko jana'iza ba.

Da na dawo, garin ya yi shiru, Baba. Gidaje da yawa a kulle, waɗanda muka yi wasa da su sun watse, wasu Maradi, wasu Tawa. Abokan karatuna suka ce in koma Yamai, nan babu mai kallon zane. Na ƙi. Na zauna a ɗakinka ina aiki, in wutar kuran ta ɗauke in koma takarda, in ta dawo in hau ordinatar, wato kwamfuta.

Bari in ba ka labarin fim ɗin. Wani hankaka ne ƙishirwa ta dama, ya tarar da famfo. Ya murɗa, babu ruwa. Ya juya baya, ruwa ya zubo. Ya waiwayo, ruwan ya ɗauke. Ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ɓuya bayan dutse yana leƙe. Sai ga zabuwa ta zo a natse, ta sha, ta yi wanka, ta wuce. Hankaka ya kafa ido a bakin famfon don ya ga inda ruwan ya maƙale, ya ɗago ya kalle mu, ruwa ya yi sama da shi. Babu kalma ko ɗaya a ciki daga farko har ƙarshe. Da gangan na yi haka.

A wani aji na tsohuwar lakwal ɗinmu muka nuna shi bayan azahar, muka toshe tagogi da tabarmi, muka haska a bango. Tsofaffin ma'aikatan da ba su bar gari ba suka zo, da matan da suka rasa mazajensu, da yara cike da ƙasa. Da aka fara, babu wanda ya motsa. Na ce a raina, Kawu ya yi gaskiya.

Sai zabuwa ta shigo. Baba Agali, wanda shi ma yanzu sai an ɗaga murya yake ji, ya buga cinyarsa ya ce da gurguwar Hausarsa: "Kai, wannan mace ya fi shi wayo!" Ajin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Da ruwa ya ɗaga hankaka, har masu wucewa a hanya suka leƙo. Aka sa ni na maimaita, na sake maimaitawa. Kawu Sani yana can baya, ban ma san ya zo ba. Na jiyo shi yana gaya wa na kusa da shi: "Ɗiyar ƙanwata ce. Mu muka tura ta Yamai." Na ƙyale shi, Baba. Na san kai ma dariya za ka yi.

A ƙarshen fim ɗin suna yana fitowa: Rakiya Ila. Inna ba ta karanta boko, ka sani. Da mutane suka ragu, ta ce in tsayar da hoton. Ta taso da ƙyar, ta zo gaban bango, ta tambaye ni wanne ne naka a ciki. Na nuna mata haruffa ukun ƙarshe. Ta ɗora tafin hannunta a kansu, hasken yana kan yatsunta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka. Yadda ka faranta wa mutane rai a lokacin da naka yake cikin ƙunci, Allah ya faranta maka da Aljanna Firdausi. Ya ba Inna lafiya, ya raya garinmu. Amin.

Ɗiyarka mai alfahari da kai,
Rakiya
Akokan