Wayarin Shagon Kawu

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Innarka tana tambaya ko ka manta hanyar gida ne.

Majalisa ta kawo ƙudirin doka a kan kamfanonin inshora: in gobara ta ci dukiyar mutum, ko su biya shi cikin wata uku, ko su kawo hujja gaban alƙali. Ranar Talata ta sama kwamiti zai saurari waɗanda abin ya shafa, kuma da sunana. Ka san shekara uku ke nan kamfanin da na yi inshora da shi yana cewa ni na cinna wa shagona wuta. Tunda kai ka yi wayarin lantarkin shagon, ka zo ka tsaya mini. Ni kafinta ne, zarto na iya, ba magana gaban manya ba.

Ka huta lafiya,
Kawunka.

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Aiki ya yi mini yawa, ba na jin zan samu zuwa. Allah ya ba da sa'a. A gaida Inna.

Ɗanka.

Injiniya,

Gaisuwa mai yawa. Ba komai, neman abinci gaba yake. Ni ma ina nan bakin titi ƙarƙashin rumfar leda, ina gyaran kujeru. Jiya wata mata ta fasa ba ni aikin gado, wai mijinta ya ce ba a barin katako hannun mai ƙona shago. Na yi dariya, na miƙa mata awonta.

Zan karanta wa kwamiti takardar da ka sa wa hannu cewa wayarin lafiya lau yake, su san a gidanmu ba a ha'inci.

Kawunka.

Kawu,

Ina gaisuwa. Don Allah kada ka karanta takardar nan. Ƙarya ce.

Ranar da na yi aikin, waya mai kauri ta ƙare mini saura layin injin goge katako. Na ji ƙiwar komawa kasuwa, sai na haɗa da siririya, na naɗe da salatif, na tura ta bayan allunan da ka jingine. Na ce gobe zan canza. Goben ba ta zo ba.

Da mai binciken kamfani ya tambaye ni, tsoron rasa lasisina ya sa na rantse ba matsala. Sai ya rufe littafinsa ya ce, "To in ba lantarki ba ne, mai shago ne." Ina tsaye na bar shi ya tafi da wannan magana. A ranar ka dafa kafaɗata ka ce ka gode.

Shi ya sa na daina zuwa gida. Na rubuta gaskiya na sa hannu, ga ta haɗe da wannan wasiƙa. Ka yi yadda ka ga dama da ita, da ni.

Ɗanka mai neman gafara.

Ɗana,

Na karanta. In na ce na yafe yau, ni ma na yi ƙarya.

Takarda ba za ta yi magana a madadinka ba. Ka shigo motar safe ranar Litinin. Kafin kwamiti ya ji, Innarka za ta fara ji, daga bakinka.

Allah ya kawo ka lafiya.
Kawunka.