Ba Zan Yi Maka Takaba Ba, Almu

Zuwa ga Almu, inuwar darbejiyata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, sojan ruwana mai fararen kaya kamar balbela bayan an ɗauke ruwa, mijina da teku ta riƙe ta ƙi saki.

Bayan sallama da gaisuwa, ka sani da fushi nake rubutu. Wa ya aike ka? Kai da ka tashi a Gobarau, babban ruwan da ka sani shi ne kududdufin bayan ganuwa, me ya haɗa ka da teku? Ka tuna hutunka na ƙarshe, da ka zo mani da ruwanta a kwalba har rumfata ta turare, kana washe baki sai ka ce Zamzam ka kawo? Na ɗanɗana na tofar, na ce in gishiri ne ga shi can buhu-buhu a kasuwa. Ka yi dariya har hularka ta faɗa kaskon turaren wuta. Wayyo Almu! Har yau in na buɗe rumfa sai dariyar nan ta riga ƙamshi tarbata.

Sai yaƙin Saliyo ya zo. Wai kwale-kwalenku ya kife kusa da gaɓa, an tsamo wasu, kai ba a gan ka ba. Suka aiko mani da akwatinka: takalmi, bargo, da gaisuwar manya. Ni da ko kwalbar turare ba na saye sai na buɗe na sunsuna, ni za a saida ma mutuwa a rufe? Ina gawa? Ina likkafani? Wa ya ga kabari?

Yanzu soja sun miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da tuta da kiɗa, kowa na murna sun koma bariki. Sun maido mulki, kai ba su maido ka ba!

Yayanka Babaji ya ce ran Litinin mu je gaban alƙali in ce na haƙura, a yanke cewa ka rasu, in shiga takaba: ba kwalli, ba lalle, ba ƙamshi. Wai don Inna ta yi maka sadaka hankalinta ya kwanta. Wallahi tausayinta na cina, ta rame ta zama kara. Amma ni ba jiya na shiga kasuwa ba. Ina lura da yadda amininsa Alhaji Sammani ke zarya rumfata yana sayen turaren da bai ko tayawa.

Zan je, don ban raina Yaya ba. Amma da jan lallena zan je, da kwallina, in zauna gaban alƙali matar aure cikakkiya. In ya tambaye ni, abin da na sani zan faɗa: mijina ya tafi aiki, bai dawo ba tukuna.

Hasken idona, in kana raye ka ji kunya ka dawo. In kuwa Allah ya karɓe ka, to ka jira ni, akwai sauran faɗan da ban gama yi maka ba.

Taka ita kaɗai, da rai ko ba rai,
Furera, Ƙofar Marusa.