Lambar da Yayata Ta Sa Aka Kankare

Gaisuwa gare ki Madam Lutgart,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Wata uku ke nan ni da yayata Godelieve, uwa ɗaya uba ɗaya, ko gaisuwa ba ma yi, kuma duk a kan ƙarfen da bai wuce kamu guda ba.

Shekaruna sittin da takwas, tsohon mai raba wasiƙu ne ni a wani ƙauye kusa da garin Diksmuide. Shekara talatin ina tara banati, wuƙar nan ta bakin bindiga, ta yaƙin duniya na farko. Ina da sama da ɗari biyu. Marigayiya matata kan ce tsatsa nake kiwo. Ni kuwa hatimin jikinsu nake bi: sunan maƙeri da garinsa, lambar runduna, shekarar da aka karɓe shi. Mutum na iya ƙara wa labari gishiri, amma abin da aka buga a ƙarfe shi ke nan.

To akwai banati guda da ban taɓa riƙewa ba, na kakanmu Kamiel. Mun tashi muna jin mahaifiyarmu tana cewa a watan Oktoban 1914, a bakin kogin Ijzer, ya ƙwace shi daga hannun wani sojan Jamus, washegari harsashi ya cinye masa ƙafar hagu. Shi kansa bai taɓa maganar yaƙi ba har ya rasu. Yaya Godelieve ce ta gaji banatin, ta kulle a akwatin gilashi a falonta. Duk lokacin da na roƙa in duba sai ta ce ba za ta ba ni in kai shi ɗakin bolata ba.

Ranar da ta cika saba'in da tara, 'ya'ya da jikoki sun cika gida ana shan kofi da kek ɗin shinkafa, sai ta sanar cewa za ta ba gidan tarihin ƙauyenmu banatin kafin bikin tunawa da ƙarshen yaƙin na sha ɗaya ga Nuwamba. Ta buɗe akwatin da kanta, ta miƙo min, wai tun da ni ne Farfesan tsatsa in gaya musu abin da za a rubuta. Na fito da gilashina mai ƙara girman abu na duba. A ƙeyar wuƙar ga kambi, ga harafi, ƙarƙashinsa ga lamba sha bakwai ɓaro-ɓaro. Shekarar 1917 ke nan. Lokacin Kaka ya kusa shekara uku da sandar guragu. Ban yi tunani ba, Madam, na faɗa a gaban kowa. Har na ƙara da cewa wataƙila a gona ya tsince shi bayan yaƙi, kamar yadda kowa ke tsinta har gobe. Ta fizge shi daga hannuna, ta ce in ɗauki hulata, kek ɗina ma za a aiko min.

Da a nan ta tsaya da na haƙura. Makon jiya na leƙa gidan tarihin, sai ga banatin yana walƙiya kamar cokalin biki. Ashe surukinta Wilfried, makaniken keke, ta sa ya bi shi da injin wasa ƙarfe. Kambin, lambar, har sunan maƙerin garin Solingen, duk an kankare. Abin da ƙasa da ruwan sama da shekara ɗari suka bari, makaniken keke ya gama da shi kafin kofinsa ya huce. Ga takarda a gefe, wai an ƙwato shi a 1914.

Ba ta san cewa ranar bikin haihuwarta, kafin ta fizge shi, na ɗauki hoton lambar da wayata ba. Yana nan fes. Raina yana ce min in tura wa gidan tarihin su cire ƙaryar nan, ko da kuwa za ta ji kunya a gaban ƙauye. Shekara sittin tana rufe min baki, yanzu har ƙarfen ta rufe wa baki. In tura ko kar in tura?

Naki,
Mai Kiwon Tsatsa

Malam Mai Kiwon Tsatsa,

A kan ƙarfen kai ne da gaskiya, kuma abin da aka yi wa banatin ɓarna ce wadda ba ta gyaruwa. Ba zan ce maka kar ka ji zafi ba. Amma ka duba inda ka faɗi gaskiyar taka: ranar bikinta, a falonta, a gaban jikokinta. Ta miƙo maka kakanku, kai kuma ka karanta mata lamba. Ka lissafa: ta girme ka da shekara sha ɗaya, ta san tsohon nan fiye da kai nesa ba kusa ba. Abin da ta ji daga bakinka shi ne wai maƙaryaci ne, alhali kai da kanka ka ce bai taɓa faɗin labarin ba.

Kar ka tura hoton a bayan idonta. In ka yi, za a canza takarda, kai kuma ka rasa 'yar'uwa. Ka sayi kek, ka bar gilashinka a gida, ka je ka ba ta haƙuri a kan wurin da ka yi maganar, ba a kan lambar ba. Ka tambaye ta yadda mai ƙafa ɗaya ya dawo ya share gonar da yaƙi ya cika da ƙarfe, don in a gona ya tsince shi, wannan ba abin kunya ba ne. Sai ranta ya yi sanyi ka nuna mata hoton, ku je tare a rubuta abin da ku biyu kuka tabbatar: banatin Kamiel ne, wanda ya bar ƙafarsa a bakin Ijzer a 1914.

Tana iya ƙi, ta bar takardar yadda take. In haka ta faru, ka bar hoton a wayarka, ka ci gaba da zuwa gaishe ta. Lambar dai ta tafi, ba mai dawo da ita. Yayarka kuwa tana nan, kuma shekarunta saba'in da tara.

Allah ya huci zuciyarka, ya sa ta buɗe maka ƙofa.

Lutgart